Auta, Ram ɗin da Ka Sa da Hannunka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran ƙanin mijina, wanda duk gida muke kira Auta, bayan 'yar gajeruwar jinya. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Ya bar mata da 'ya'ya uku, da mahaifiya tsohuwa wadda har yanzu takan ɗaga kai idan ta ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Auta, ni ba gwanar rubutu ba ce. Abin da na sani shi ne, an koya mana tun a gaban allo cewa ɓoye shaida zunubi ne. Ina da shaida a kanka, kuma zan ba da ita yadda na gan ta, ba ƙari ba ragi.

Kana ɗan saurayi aka kawo ni gidanku. Tun ran nan ka raɗa mini Matar Yaya, ba ka sake kirana da wani suna ba. Ka sha tsokanata cewa ina taɓa kwamfuta kamar mai taɓa garwashi. Ni kuma in ce shagonka ya fi kama da bola: wayoyi sun sarƙe, fankoki a kwali, ƙananan kusoshi a murfin gwangwani, ga guntun magogin fensir da kake goge haƙoran ram da shi. Kai ka fahimtar da ni mene ne ram ɗin. Ka ce ɗan siririn falle ne da ake cusawa cikin kwamfuta, kamar faifai a hannun mai tankaɗe: in ƙarami ne aiki ya yi ta jan ƙafa, in da huda a jikinsa komai ya zube.

A makarantar da nake koyar da Alƙur'ani, kwamfutar ofis ta tsufa, tana nawa har mutum ya gaji da jira. Ni na faɗa wa Shugaba cewa ina da ƙanin miji mai wannan sana'a. Ka zo ka ƙara mata ram, ta kama gudu, kowa ya yaba.

Ba a daɗe ba ta fara wani hali. Ana cikin aiki sai ta sandare, fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu ta sake tashi da kanta, abin da aka buga ya bi iska. Abin da ya ɗaure kai shi ne, ba ta yin haka sai a hannun mutum ɗaya, wato Sakatariya, baiwar Allah da ke buga mana jarrabawa. Shugaba zai zauna ya rubuta wasiƙa lafiya lau. Ma'aji ya yi nasa ya tashi. Ita kuwa da ta buɗe manyan ayyukanta sai kwamfutar ta mutu. Sau biyu tambayoyin jarrabawa suna salwanta. Nan magana ta fara yawo, wai ita ce ke kwaso wa kwamfutar ƙwayar cuta daga waje a filas ɗinta, 'yar na'urar ajiyar rubutu da ake soka wa kwamfuta, wasu ma suka ce da gangan take yi don ta huta. Mijinta na kwance ba ya iya fita nema, wannan aikin shi ne rufin asirin gidanta. Shugaba ya gaya mata in aka sake, ta nemi wani wuri. Na same ta a bayan ofis tana share hawaye da gefen mayafi, a lokacin ni kaina zargin ya fara shiga raina.

Aka sake kiranka don ka wanke kwamfutar, wato ka goge komai na cikinta ka sake sa mata manhajoji. Da ka ga dama, da ka wanke ta ka tafi abinka, maganar filas ta zauna daram, ba mai tuhumarka. Amma kana da wata ɗabi'a a aiki wadda yayanka ke kira taurin kai: ba ka canza abu biyu lokaci guda. Ka duba filas ɗin, ba ka ga komai ba. Ka buɗe cikin kwamfutar, ka zare sabon ram, ka bar tsohon shi kaɗai, ka ce Sakatariya ta zauna ta yi aikinta mafi nauyi. Ta zauna ta fara. Kwamfuta ta yi ta jan jiki, amma ba ta mutu ba. Ka zare tsohon ka mayar da sabon, ta sake buɗe aikin, ba a je ko'ina ba fuska ta yi shuɗi. Ka canza masa gurbi, nan ma haka ta yi. Sannan ka sa wata manhajar gwaji, jajayen layuka suka cika allon.

Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ka juya wajen Shugaba.

"Ranka ya daɗe, ba laifinta ba ne. Ram ɗin da na sa ne ke da rauni. Ina sauri ran nan, ban gwada shi ba kafin in rufe."

Shugaba ya tambaya, to me ya sa ba ta mutuwa a hannun kowa sai ita? Ka bayyana masa cewa raunin yana can ƙurya, ƙaramin aiki ba ya kaiwa wurin, sai wanda ya cika ta da aiki. Ka ce wadda ta fi kowa aiki a ofishin ita ce ke taka wurin ciwon, shi ya sa laifi ya faɗa kanta. Ka canza ram ɗin, ka ƙi tafiya sai da ka ga ta buga jarrabawar aji guda ba tangarɗa.

Ka san abin da maganar za ta jawo maka, kuma ta jawo. Makarantar ba ta sake ba ka aiki ba, aka koma wajen wani. A hanyar gida na ce maka da ka bari mun keɓe, ka gaya wa Shugaba a asirce. Ka yi dariya ka ce, "Matar Yaya, a gaban jama'a aka ɓata ta, ai a gaban jama'a za a wanke ta." Ban sake ɗaga maganar ba, kai ma ba ka taɓa ba wa kowa labarin a gida ba. Yayanka ma sai bayan rasuwarka ya ji.

Sakatariya tana nan kan kujerarta har yau. Ta zo gaisuwa, ta zauna can gefe cikin mata, ba wanda ya san ta sai ni. Da za ta tafi ta riƙe hannuna, ta roƙe ni in tabbatar 'ya'yanka sun ji abin da ubansu ya yi mata, idan sun yi hankali. Na yi mata alkawari. Ga shi na rubuta, don ko ba na nan su karanta.

Ya Allah, bawanKa ya wanke wadda aka zalunta alhali gaskiyar a kansa za ta faɗa. Ka wanke shi daga kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Inna, Allah Ya ba ki haƙurin rashin autanki. Ƙanwata, matarsa, Allah Ya dafa miki, Ya raya abin da ya bari bisa halinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana da sauran 'yan'uwa da abokan sana'arsa. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.