Yatsun Warsinah

Shekara talatin da huɗu Warsinah ta yi tana tausa a ƙarƙashin matattakalar wata kasuwa a birnin Solo, kan tabarma guda, da kwalbar man kwakwa a gefenta. Allah ya ji ƙanta. Masu zuwa wurinta mata 'yan dako ne, masu goya kwandon albasa ko buhun barkono da zane su hau da shi bene na uku. Tukirah tana cikinsu. Ita da Warsinah mota ɗaya ta kawo su daga ƙauye tun suna 'yan mata, kuma a gidan haya ɗaya suka tsufa.

Tausar Warsinah ba ta burge baƙo. Ba ta murza, ba ta bubbugawa. Sai ta laluba ta sami inda naman ya ɗaure, ta ɗora babban yatsa, ta tsaya cik har shayin da aka zuba mata ya huce. Takan ce duk wadda ta taɓa feɗe kaza ta san farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka. Shi ne ke mannewa a jikin mai ɗaukar kaya, kuma ba ya saki da faɗa, sai da jira. 'Yan dako suna tsokanarta cewa gyangyaɗi take yi a kansu. Ita kuwa takan ce ai gara gyangyaɗinta da kankarar da suke yi wa juna.

Kankarar ce ta kusa kashe hannun Tukirah. Da kafaɗarta ta dama ta riƙe, maƙwabta suka ce iska mai sanyi ce ta shiga jikinta. Suka shafa mai, suka riƙa kankare mata baya da gefen kuɗin ƙarfe har fatar ta yi ja, yau da gobe, wata biyu. Ba ta gaya wa Warsinah ba, don tana ganin yadda yatsun ƙawar tata suka kumbura, ko maɓallin riga ba sa iya sawa. Hannun ya kai ba ya wuce ƙirji. Mai dakon da ba ta iya ɗaura zanen goyo a kafaɗa kuwa aikinta ya ƙare. Ɗanta Paidi ya aiko cewa bayan ƙaramar salla zai zo ya tafi da ita Jakarta, ta zauna a ɗaki a bene na tara, inda ba ta san kowa ba.

Warsinah ta gano da kanta, ranar da ta ga Tukirah tana shan shayi da hagu.

"Kwanta, tsohuwar banza," in ji ta. "Kin bari an kankare ki kamar gindin tukunya, ni ina zaune."

"Yaya, dubi hannunki fa."

"Nawa ne ko naki? Kwanta."

Haka suka yi duk watan azumi, bayan la'asar. Yatsan ya gaza tun a mako na farko, sai ta koma danna da gwiwar hannu. Da wannan ma ta gaji, sai ta jingina dantsenta a kan allon kafaɗar, ta saki nauyinta, wanda bai fi na kwandon kabeji ba. Tukirah tana kwance tana jin numfashin Warsinah sama-sama. Sau da yawa ta ce a bari, Jakarta ma ai mutane ne a ciki. Warsinah takan ce ta yi shiru, tana hana naman jin magana. Wata rana hannun ya ɗan ɗaga, washegari ya koma. Ba wanda ya yi murna. Gajiya ta fi ƙarfin murna. Saura kwana uku salla Tukirah ta kai hannu ƙeya, ta ɗaura zanen goyonta da kanta. Paidi ya zo, ya ga uwarsa da buhu a kan matattakala, ya yi mita, ya koma shi kaɗai.

Warsinah ba ta ƙara shimfiɗa tabarmar ba. Ta yi wata biyu a kwance, ta rasu ranar wata Talata da hantsi.

Ba ta bar 'ya mace ba, don haka 'yan dako ne suka jeru a benci suka ɗora ta a cinyoyinsu, kamar yadda ake yi a can wajen wankan gawa, Tukirah kuma ta ɗauki moɗa tana zuba ruwa da hannun dama, tun daga kai. Da aka zo naɗe hannuwa, yatsun suka ƙi miƙewa. Wata ta kama za ta ja da ƙarfi, Tukirah ta ce ta bari. Ta riƙe tafin a cikin nata, ta ɗora babban yatsa, ta tsaya. Maza a waje suna ta aiko cewa azahar ta matso. Tukirah ba ta ɗaga kai ba har sai da yatsun suka ɗan saki.

Washegari ta fita dako. Wurin tabarmar yanzu mai sayar da soyayyen rogo ne a ciki, kuma Tukirah takan bi ta ɗaya matattakalar, ko da ta fi nisa.