Ka Gani, Ko An Ce?

Ku da kuka zauna da Malam Sambo, tsohon malamin dabbobi na Roni, kun san ba a ba shi labari a tashi lafiya. Sai ya bari ka kai aya, ya gyara zaman hularsa, ya leƙo ka ta saman tabarau: "Ka gani, ko an ce?" Ko gaisuwa ba ta tsira ba. Ka ce masa mutanen gida lafiya lau, sai ya tambaye ka ko ka leƙa kowa kafin ka fito.

Da ya yi ritaya zaman banza ya ishe shi, sai 'yarsa Hajara ta buɗe masa shafi a intanet, ya riƙa rubuta labaran ƙasarmu. Ta ce a raba rubuce-rubucen rukuni-rukuni don mai karatu ya huta: noma, kiwo, kasuwa, tarihi.

"Tumatir muke kasawa?" in ji shi. "Maganar duniya kashi biyu ce. Rubuta Na Gani. Rubuta An Ce. Shi ke nan."

"To Baba, labarin haihuwarka da ka rubuta jiya, ina za a sa shi?"

"An Ce."

"Haihuwarka fa, Baba!"

"Ina wurin, amma ban lura ba."

Wata damina aka bugo masa waya cewa an yi ruwan shuka a Gwiwa. Bawan Allahn nan ya hau acaɓa takanas ya je ya duba, ya dawo wandonsa duk taɓo. Kuma ya jefa labarin a An Ce! Da na yi magana sai ya ce, "Ƙasa na gani a jiƙe, ban ga ruwa yana sauka ba. Wa ya sani ko wanki suka yi?"

Duk wannan dariya nake sha, ban san nawa yana tafe ba. Ni Haladu, abokinsa tun firamare, labari ɗaya tak nake tinƙaho da shi: ina saurayi kura ta tare min hanya a duwatsun Kazaure, na kore ta da gora. Wallahi an yi haka! Na ba shi ya rubuta don jikokina su san kakansu ba rago ba ne. Ya sa a An Ce, ban ja ba, tunda ba ya wurin. Amma akwai ɗan laƙabin da ake maƙala wa kowane rubutu daga ƙasa, wanda in ka taɓa shi sai ya jero maka duk labaran da ke ɗauke da irinsa. Hajara ta ce a sa "kura" ko "Kazaure". Sambo ya ce a sa "In ji Haladu".

Daga ranar, duk labarin da hankali ya ƙi ɗauka, laƙabin nan ake liƙa masa. Kabewar da sai da amalanke aka ɗauko ta a Kanya Babba: In ji Haladu. Jakin da ya shiga motar haya shi kaɗai ya tafi kasuwar Babura: In ji Haladu. Na same shi ina huci.

"Sambo, ka ji tsoron Allah! Yaushe na ce maka jaki ya shiga mota?"

"Ba ka ce ba. Amma da ka riga ni ji, da ka faɗa."

Abu kamar wasa, sunana ya zama abin tsokana. 'Yan acaɓa in suna musu a tasha sai ka ji wani ya ce, "Kai, wannan in ji Haladu ne!" Wanda ya fi min ciwo shi ne ranar da jikata ta dube ni ta ce, "Kaka, kurar nan taka da gaske ce, ko irin ta jakin ce?" Na ji haushi ba kaɗan ba.

Da ciwo ya kwantar da Sambo na je duba shi, ya rame sai idanu. Na ce, "Sambo, ka cire sunana daga jakin nan, ka mayar da kurata Na Gani, mu rabu lafiya."

Ya ce, "Kawo kurar ta ba da shaida." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Bayan an share makoki, Hajara ta zo gidana da wayarsa. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, Baba ya ce in ya rasu a kawo maka, ka gyara komai yadda kake so." Ta nuna min inda zan taɓa. Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, ga shi a tafin hannuna. Na riƙe wayar, na ga sunana reras a ƙarƙashin jaki da kabewa, sai hawaye. Na miƙa mata na ce, "Bar shi yadda ya bar shi, 'yata. In na goge, da wa zan yi musu?"

Allah ya jiƙan Sambo, ya yafe masa tsiyar da ya yi min, ni dai na yafe. Aljannar da muke jin labarinta, Allah ya sa ya gan ta da idonsa.