Wani Ne Na Gida Ya Zana

'Yata ta fari ta karanta ilimin zanen gine-gine a Zariya, a ajin da mata ba su cika benci guda ba. Ni da na tashi tsakanin littattafan fiƙihu ban fahimci dogayen takardunta ba, amma ban hana ta ba, domin ban sami hujjar hani ba. Sunan mahaifiyata na sa mata, saboda haka Uwata nake kiranta. Bisa al'adar da muka gada kuwa, uba ba ya yabon ɗan fari a bainar jama'a.

Lokacin da jama'armu ta Abakpa suka ƙudurta faɗaɗa masallacin unguwa, magini ya ba da shawarar a ɗora wa mata bene. Mu dattawan kwamiti duk muka amince. Da na ba da labari a gida, sai ta ce:

"Baba, su wa suka fi zuwa tafsiri da azumi?"

Na ce tsofaffin mata.

"To, Hajiya da gwiwar nan tata, kai za ka goya ta zuwa sama?"

Mahaifiyar tata ta amsa daga tsakar gida: "Malam ɗin da ko buta sai an miƙo masa?"

'Yar tawa ta bi gidaje ta zauna da matan, ta ji bukatunsu, sannan ta yi zane: sashensu a ƙasa, ƙofarsu ta lungu, wurin alwala mai mazauni da katangar sutura, tagogi can sama domin iska ta shiga ido bai shiga ba. Na kai wa kwamiti, kowa ya yaba. Liman ya tambayi wane injiniya ne ya yi. Kunya ta rufe ni, na ce, "Wani ne na gida." Suka yi masa addu'a, na ce amin.

Da gini ya yi nisa, ta je ta tarar an sauke tagogin daidai kafaɗar mai wucewa. Ta yi magana, magini ya ce mata cikin ladabi, "Hajiya, ki bari a gama. Injiniyan da ya zana namiji ne, ya san aikinsa."

Bayan la'asar ta durƙusa gabana ta ce, "Baba, ba yabo nake nema ba. Amma muddin ba su san ni na zana ba, ba mai saurarata, kuma matan nan a idon titi za su yi salla."

Na daɗe ina karantar da cewa kunya ado ce ga mumini. Ranar nan na gane tawa ta danne haƙƙin mai haƙƙi, wannan kuwa shari'a ba ta yabe shi ba.

Washegari bayan sallar azahar na miƙe na shaida wa jama'a cewa 'yata ce ta yi zanen, ni ne na ɓoye, ina neman gafarar Allah da tata. Liman ya yi murmushi ya ce, "Ashe sai mu sake addu'ar, Malam, waccan ta tafi wurin wani."

Daga nan na raka ta wurin ginin. Ta miƙo mini bakin igiyar awo ta ce in riƙe da kyau, kada in motsa. Magini ya dubi alamar da ta yi a bango, ya ce, "Ranki ya daɗe, layin bulo nawa za a ƙara?"