Ranar da Na Yi wa Baba Magana a Kan Motar Auta

Ku matso kusa, ku gyara zama, akwai wata safiya da nake so in ba ku labarinta. Na daɗe ina juya ta a raina, kuma ni ba mai iya riƙe magana ba ce.

A Gamkalley muka tashi, can gefen da ake jin ƙamshin lambu in an yi ban ruwa da yamma. Iyayenmu mutanen Maraɗi ne, amma mu a Yamai aka haife mu. Baba makanike ne. Ya yi wa Nasara aiki shekara da shekaru, da aka samu 'yancin kai ya buɗe garejinsa a ƙofar gida, rumfar kwano ce kawai da rami da tulin ƙarafa. Abin da aka san shi da shi kunne ne. Yana da wani dogon turnabis, ƙarfen kwance kusa mai ƙota, sai ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya faɗi abin da ke damun mota tun ba a kwance komai ba. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, tun daga unguwar Yantala suke tasowa saboda wannan kunnen.

Mu biyu Allah ya ba shi, duka mata. Ni ce 'yar fari, sai Auta, shekara takwas tsakaninmu. Wanda ya san gidajenmu na da ya san yadda ake da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ya tarar ana yi a gidansu. In yana jin ƙishirwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi katanga ya ce, "Gidan nan babu mai ba mutum ruwa ne?" In ya sayo mini zane a Babbar Kasuwa, Auta yake miƙa wa, ya ce, "Kai wa waccan." Ni ma in ina da magana, Auta nake ɗora wa ta kai. Haka muka zauna, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba.

Auta kuwa a gindin motoci ta girma. Ni shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko, na gudo, ita ta zarce har ta samu aikin buga takardu a wani biro, ofis ke nan. Tana da shekara ishirin ta karɓi parmi, takardar tuƙi, abin da unguwa ta yi wata guda tana zancensa. Lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo gida, ina kitso ina girki, ba na marmarin zuwa ko'ina.

Nasaran da suka rage a garin suna da wani wasa na ranar Lahadi. Sukan jera tano, gangunan mai ke nan, a wani filin jan tsakuwa bayan gari, su riƙa zagaya su da ƙananan motoci, a ga wanda ya fi sauri. Bayan 'yanci ma'aikata 'yan ƙasa suka fara shiga. Matan Nasara ma suna tuƙawa. Wata Lahadi Auta ta raka Baba duba motar wani, ta dawo ta ƙi cin tuwo, ta ce ita ma sai ta shiga.

Akwai wata 'yar mota mai rufin tamfol, irin wadda ake cewa mai doki biyu, ta daɗe a bayan rumfa kaji na ƙwai a cikinta. Baba ya tashe ta. Daga nan abin ya zama na gida gaba ɗaya. Baba ke da inji. Inna ta ɗinke tamfol ɗin, ta cusa auduga a cikin hular kwanon da Auta za ta sa don ta yi mata yawa. In sun fita gwaji, Inna ce mai auna lokaci, kuma ba da agogo ba, da carbinta. Auta na tashi za ta fara ja, tana dawowa ta ce, "Carbi biyu da ƙwaya goma sha ɗaya. Jiya tara kika yi, me kika tsaya kallo?" Ni aikina dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, da ruwan sanyi a tulu, su tarar in sun dawo. Sau ɗaya na bi su filin, ƙarar ta hana ni sakat, ban koma ba.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Abokan Baba na masallaci suna ce masa, "Malam, ka rasa ɗa namiji shi ne za ka mai da mace direba?" Yakan ce, "Ku zo ranar Lahadi. In ta faɗa rami ku yi mini dariya a can, ba a nan ba." Tseren farko ta zo ta biyar cikin shida. Na biyu ta zo ta uku. Sai wata ungozoma 'yar Damagaram da matar wani ɗan kasuwa suka ga haka, su ma suka shigo da motocin mazajensu. Da mata suka yi yawa, aka ce za a ware musu nasu tseren, zagaye goma, a tashi gaba ɗaya. Auta ta daina zancen komai sai wannan Lahadin.

Ranar Alhamis da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji ta dawo daga gwaji. Ni kukan motar nan na san shi kamar tarin Inna. Tana karya kwana hagu za ta shiga rumfa, sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba: ƙas, ƙas, ƙas, sau uku, can ƙasa, a ƙafar gaba. Tana miƙe sitiyari ya ɗauke. Na leƙa ta zaure. Baba yana tsaye taku biyu daga ƙafar, yana goge hannu da tsumma, yana murmushi. Ko kansa bai juya ba.

A nan tsaye abubuwa suka taru mini. Rediyon da ya koma buɗewa har maƙwabta na ji. Sallamar da baƙi ke yi sau uku kafin ya amsa. Yadda ya koma karkato da kunnen dama in ana magana. Duk na gani, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai ranar.

Na samu Auta a ɗaki tana cire takalmi. Na ce, "Auta, ƙafarki ta hagu tana kuka."

Ta dubi ƙafarta. Na ce, "Ta motar nake nufi, sarkin wayo."

Ta yi dariya. "Yaya, ke da ba ki san inda ake zuba wa mota isansi ba?"

"Ban sani ba. Amma na ji. In kin karya hagu take yi."

Ta kawar da kai, na gane ita ma ta ji. Ta ce tsakuwa ce ta maƙale. Na ce to ta gaya wa Baba ya duba tsakuwar.

"In ce masa me? In ce Yaya ta ji daga wajen tankaɗe abin da kai ba ka ji ba kana tsaye a kai? Jiya ya duba ta, ya ce lafiyarta lau. Kin san in ya yi shakka ko kaɗan ba zai bar ni in fita ba. Don Allah, Yaya, Lahadi kawai. Litinin ni da kaina zan faɗa."

A rayuwata wannan ne saƙo na farko da Auta ta ƙi kai mini.

Ranar Juma'a na tari Inna a madafa. Ita ma tana kunyata, amma tata da sauƙi, takan yi mini magana in ba kowa, idonta a kan tukunya. Na gaya mata duka. Ta daɗe tana juya miya, sannan ta ce, "Kunnen nan tun bara na sani. Ba wanda ya faɗa, shi ma bai faɗa ba. Da shi yake ci da mu, da shi ake gaishe shi a gari." Na ce, "To Auta fa?" Ta ce za ta ƙara mata addu'a. Ban ga laifinta ba. Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa gyara masa magana a kan aikinsa ba, ba ta san ta inda ake farawa ba.

Asabar na yini ina ce wa kaina wataƙila tsakuwar ce. Da la'asar motar ta dawo. Wannan karon sau biyar na ƙirga.

Safiyar Lahadi, bayan an karya kumallo, Auta ta fito da hularta a hammata, Inna ta yafa mayafi da carbinta a hannu. Baba yana durƙushe yana duba iskar taya. Na fito zaure da kwanon dambu zan miƙa wa Auta. Ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan. Na ajiye kwanon a kan dakali. Ban iya duban Baba ba, sai na yi yadda na ga yana yi tun ina yarinya. Na juya na fuskanci katanga, na ɗaga murya don na san sai an ɗaga, na ce, "A gaya wa mai gareji ƙafar gaba ta hagu tana kuka in an karya kwana. Tun ranar Alhamis."

Babu wanda ya motsa. Wata mai tallan latas da ke wucewa ta gaishe mu da fofo, ba wanda ya amsa mata.

Baba ya miƙe a hankali. Ya jawo jak ya ɗaga gaban motar, ya karya sitiyari hagu har ƙarshe, ya ɗauko dogon turnabis ɗin ya kara a kunnensa, ya juya ƙafar da hannu. Ya juya, ya sake juyawa. Na ga ya canza kunne. Sannan ya sauke hannu, ya tsaya yana kallon ƙasa. Can sai ya miƙo turnabis ɗin ta bayansa, wajen da nake, fuskarsa na kallon titi, ya ce, "A zo a nuna wurin."

Ban taɓa riƙe shi ba. Ƙotar da ɗumi. Na durƙusa kusa da Baba, kusancin da rabona da shi tun ban yi wayo ba, na kara a kunne, shi yana juya ƙafar. Na matsa da bakin ƙarfen nan, na matsa can, har na zo inda abin ke bugawa kamar a cikin haƙorina. Na ce wa katanga, "Nan ne."

Kardan ne, ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafa. Da ya kwance shi, ya sa yatsa ya bi ta wata tsaga siririya kamar zare. Babu irinsa a rumfar. Sai da ya hau keke ya tafi Yantala wajen wani da ke da mushen irin motar. Kafin ya dawo ya ɗaura, rana ta take. Auta tana zaune a kan tano, hula a cinya, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Da suka isa filin an riga an kwashe gangunan. Ungozomar nan ce ta zo ta biyu, aka yi ta guɗa, Inna ta ce har a Babbar Kasuwa an yi zancen.

Da suka dawo Auta ta tambayi Baba a gabana, da gayya, "Da na fita da shi, zai kai zagaye goma?" Ya daɗe yana juya tsohon ƙarfen a hannu. Ya ce, "Yana iya kaiwa ashirin. Yana iya karyewa a kwanar farko. Allah kaɗai ya sani." Bai yi mata ƙarya don ya wanke ni ba, bai kuma yi don ya faranta mata ba.

Auta ta yi mako uku ba ta ce mini ko sannu. Daga baya ta huce, ta kawo kanta kitso, muka shirya a kan tabarma ba tare da an tayar da zancen ba. Ta yi tsere da yawa bayan haka, wata shekara har ta ci, 'yarta ma a hannunta ta koyi tuƙi. Wannan ɓangaren bai dame ni ba.

Na Baba ne yake damuna. Daga ranar bai ƙara kara ƙarfe a kunnensa a gaban mutane ba. In direba ya kawo mota ya ce, "Malam, saurara mini ita," sai ya ce a kwance a gani, kamar kowane makanike. Direbobin suka lura. Masu tasowa daga nesa suka ragu, suka ragu, har rumfar ta koma ta masu facin taya da ƙananan gyare-gyare. Ya rage fita masallacin da ake masa ba'a, duk da yanzu ba'ar ta ƙare. Bai taɓa nuna mini fushi ba. Goron da yake aiko mini ma ƙaruwa ya yi. Amma mutumin da ya durƙusa duba taya da safiyar nan da wanda ya miƙe ba ɗaya ba ne, kuma ni na tashe shi.

Wani lokaci ina cewa kunnen ya riga ya tafi, ko na yi shiru wani direba zai faɗa masa wata rana, a gaban jama'a, da baƙar magana. Wani lokaci kuma ina cewa da na san dabara, da na samo hanyar da za a duba ƙafar nan ba tare da ya gane dalili ba, ya ƙara shekara biyu ko uku yana yadda yake. Kwana uku na yi ina nema ban samo ba, ni kuwa ba ilimi ne da ni ba. Ku da kuka ji yadda aka yi, da ku ne a zauren nan da kwanon dambu a hannu, ga ƙanwa ga uba, me za ku ce, kuma wa za ku duba ku faɗa?