Injin da Ishaya ya ɗaura a juye

Damina goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina, Ishaya. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan dafa wa yara shinkafa, mu yi addu'a, in yi shiru. Bana shirun ya ƙi. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne a zumuntar mata, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna.

Ishaya mai gyaran injinan ruwa ne a wata masaƙa a Kakuri. Wata rana ya dawo gida yana ta murmushi, ya ce an ɗauke wuta, ruwan babban tanki ya komo ta bututu da ƙarfi, injin da ke tura ruwa sama ya kama juyawa da baya shi kaɗai. "Saratu, in ruwa zai juya inji, ai zai ba da wuta." Na ce to, na zuba masa tuwo.

Da masaƙa ta rufe, maganar ta zame masa aiki. Ya samo tsohon inji wurin 'yan gwangwan, ya ɗaura shi a bakin kwalbatin bayan gidanmu, inda ruwan sama ke gangarawa kogi, ya haɗa shi da abin cajin batirin mota. Mutane na gudun ruwa, shi yana shiga. Magidanci tsaye a lambatu, jiƙe sharkaf, ya sa inji a juye yana jiran ƙwan lantarki ya kama. Sau biyu na ga ƙwan ya yi ja kamar garwashi ya mutu. Unguwa ta ce rashin aiki ya taɓa masa kai.

Wansa Bulus ya zo daga ƙauye, ya tara dangi, ya tambaye ni a gaban kowa, "Ke kike kwana ɗaki ɗaya da shi. Lafiyarsa ƙalau?" Na gaji da nuni da baki da ake yi mini a kasuwa. Na ce, "Baba, ni ma ban gane masa ba." Ishaya ya dube ni. Aka tafi da shi ƙauye neman magani. Can zazzaɓi ya kama shi, bai dawo ba.

Magana zarar bunu ce. Bana autarmu Rifkatu ta sami miji, danginsa suka yi bincike, aka gaya musu akwai taɓin hankali a gidanmu. Kawun yaron ya dakatar da zancen. Rifkatu ba ta yi mini kuka ba, abinci kawai ta daina ci.

Ina sayar wa leburori abinci a wani rukunin gidaje da ake ginawa wajen Rido. Watan jiya na kai kular abinci ɗakin injinan ruwansu, na tarar suna ɗaura inji irin na Ishaya sak. Na ga inda suka shigar da bututu, bakina ya riga ni: "'Ya'yana, kun sa shi a juye."

Injiniyarsu, Madam Ngozi, 'yar Sabon Tasha, ta yi dariya. "Mama, kin iya aikinmu ke nan? Da gangan ne." Ta ce ruwan da ke saukowa daga tankinsu na kan tudu ƙarfinsa ya yi yawa, zai fasa bututu. Da can shaƙe shi ake yi, ƙarfin ya tafi a banza. Yanzu sai a bar shi ya juya injin da baya, a sami wutar fitilun harabar. Ta buɗe ruwa. Fitilu suka kama da rana tsaka, suka ƙi mutuwa.

Ban san na zauna a ƙasa ba. Na ba ta labarin Ishaya, ta daina dariya. Ta ce ruwan kwalbati ne ya ci amanarsa, yau da yawa gobe babu, amma lissafinsa daidai ne.

Ina ta tambayar kaina me zai ce da ya gani. Ina jin ba zai yi gori ba. Zai tsuguna ya kara kunne jikin injin, ya ce a ƙara masa giris.

Na roƙi Madam Ngozi, ta raka ni wurin kawun yaron ranar Lahadi bayan sujada. Ta yi bayani, ta nuna masa hoton a waya. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Maman Rifkatu, wa ya fara cewa mutumin nan ba shi da lafiya?"

Na ce, "A gaban dangi, ni ce."

An sa ranar bikin Rifkatu bayan Kirsimeti. Ishaya bai bar mana gida ba, bai bar fili ba, injin ma na sayar da shi a kilo tun ba a share makoki ba. Hankalinsa ne kawai ya rage, wanda ni na karɓe masa a gaban mutane. A gaban mutane nake mayar masa: Ishaya na Kakuri lafiyarsa ƙalau.