Ƙararrawar Da Kakana Ya Ƙi Bugawa

Kakana Silas Garnham ya yi shekara arba'in da ɗaya yana buga ƙararrawar coci a ƙauyenmu na yankin Suffolk, can ƙasar Turawa. Shi ke haƙa kabari, shi ke yanke ciyawar maƙabarta, amma da ƙararrawar aka san shi. Idan aka yi mutuwa, kafin a gaya wa kowa sai an gaya wa Kaka. Zai ajiye abin da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya shiga ƙarƙashin hasumiya ya kama igiya. Bugu tara idan namiji ne, shida idan mace ce, uku idan yaro ne. Sai ya ɗan saurara, sannan ya buga shekarun mamacin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke gona zai miƙe ya cire hula yana ƙirgawa. Kafin a kai na ƙarshe kowa ya san gidan da zai je gaisuwa, don mu duka ba mu kai ɗari uku ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana sai an tono ta, kullum yana warin ƙasa da taba. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya, wai bai taɓa yin ƙarya da ƙararrawa ba. Akwai wata Thirza Catchpole mai shagon zare da alewa, wadda ta shekara goma cur tana cewa ita 'yar sittin da biyu ce. Da ta rasu, ƙanwarta ta zo har gida tana roƙon Kaka ya rufa mata asiri. Ya ce, "Matar da ta riƙe hannuna ranar da aka fara kai ni makaranta? Ai ko na rage, Ubangiji ba zai rage ba." Ya buga saba'in da huɗu. Ranar mata sun sha dariya a bayan shanya, suna yi suna neman gafara.

Mutum ɗaya ne Kaka ya ƙi buga wa, ɗansa Reuben, wato mahaifina. Ina da wata takwas jirgin ruwan yaƙin da yake ciki ya nutse, shi kuma yana da shekara ashirin da shida. Aka aiko da takarda cewa ya ɓata, daga baya aka aiko wata cewa a ɗauka ya mutu. Lokacin an hana buga ƙararrawa a ƙasar gaba ɗaya saboda yaƙi, don haka ba wanda ya ce komai. Da aka ɗage hanin, Kaka ya buga wa samarin ƙauyen uku da suka mutu a fagen fama, kowa da ranarsa. Aka jira na huɗu, shiru. Limamin coci ya yi masa magana, Kaka ya ce, "Ka ga gawa? Ni ban gani ba."

Haka na tashi, ni ba marainiya ba, ni ba mai uba ba. Muna zaune da Kaka a gida ɗaya, ni da mahaifiyata Hilda. Takalman aikin mahaifina suna bayan ƙofa, Kaka na shafa musu mai duk Asabar. Mama kuwa ba ta taɓa sa baƙaƙen kaya ba, don a ƙauyenmu wanda ba a buga masa ba bai mutu ba, ko takarda ɗari aka kawo.

Ina da shekara goma Clement Baldry maƙeri ya fara zuwa gidanmu. Sai ya gyara sakatar da ba ta lalace ba, ya wasa wuƙar da ya wasa makon jiya. Ni har tsiya nake masa, "Yau kuma me ya karye, Clement?" Sai kunnuwansa su yi ja, Mama ta harare ni tana danne murmushi. Mutumin kirki ne, kuma ina son sa, ba zan ɓoye ba. Amma dawakan noma da yake yi wa takalmin ƙarfe suna ƙarewa, maƙera ta mutu, ya sami aiki a birni bayan girbi. Ya ce wa Mama yana son tafiya da mu.

Wata Lahadi muna shan shayi da burodi, Mama ta ajiye kofinta.

"Baba, Clement zai tafi ƙarshen wata. Yana jiran amsata."

"To ki ba shi mana, takarda ai tana hannunki," in ji Kaka, bai ɗago ba.

"Takarda ba ta shiga kunnen mutane ba. Ni ma ba ta shiga nawa ba, Baba. Duk bugun ƙofa sai gabana ya faɗi. Ba zan shiga coci da wani namiji ba alhali kai ba ka sallame ni ba."

"In na buga ya dawo fa?"

Ni dai tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami. Ba wanda ya sa da ni, na ce, "In ya dawo ma ai ba zan gane shi ba, Kaka."

Mama ta ce, "Mavis, rufe mana baki." Kaka ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki hularsa ya fita lambu. Yau shekara sittin ke nan da ɗoriya, har yanzu in na tuna wannan kallon sai na ji kunya ta rufe ni. Gaskiya na faɗa, amma ba tawa ba ce da zan faɗa.

Kwana tara bai ta da maganar ba, mu ma ba mu ta da ba. Clement ya daina zuwa, ya fara ɗaure kayan maƙerarsa. Mama na wanki tana kuka a ɓoye, tana zaton ban gani ba.

Ranar Talata da hantsi, ana tsakar yankan sha'ir, ina taya Mama tsinke wake a lambu, sai muka ji ƙararrawa. Ba wanda muka san yana kwance a ƙauyen. Mama ta tsaya da kwando a hannu. Uku, uku, uku. Tara ke nan, namiji. Na leƙa ta saman shinge, na ga maza a gonar da ke bayanmu sun miƙe, huluna a hannu.

Mama ta zauna a ƙasa cikin waken. Ni kuwa na yi lissafina da sauri. Shekara tara Kaka yana cewa ɗansa na raye, kuma shi ba ya ƙarya da ƙararrawa, to talatin da biyar zai buga. Na tabbata duk ƙauyen abin da suke jira ke nan. Muka fara ƙirgawa, leɓen Mama na motsi. Ashirin da huɗu, ashirin da biyar, ashirin da shida. Na buɗe baki zan ce ashirin da bakwai, sai na ji kukan tsuntsaye kawai. Muka jira, ba a ƙara ba.

Mama ta rufe fuska da gefen rigarta ta ce, "Ashe ya sani. Tun ranar ya sani."

Da Kaka ya dawo gida tafin hannunsa ya yi ja, kamar wanda bai saba da igiya ba. Bai dubi kowa ba. Ya ɗauko takalman nan daga bayan ƙofa, ya juya su ya duba ƙasansu, ya miƙa mini.

"Kai wa Clement. Ki ce masa fatar tana da kyau, ba a bar ta ta bushe ba."