Layi ɗaya da Malam Sahabi ya bar mana

Ina zaune a ƙofar gida a Kaura Namoda bayan la'asar, ƙanensa ya tsaya da babur, ko inji bai kashe ba, ya ce Allah Ya yi wa Malam Sahabi rasuwa a Kurya Madaro. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni da Malam Sahabi tare muka dawo daga Sakkwato da aka ƙirƙiro jihar Zamfara. Na zo da digiri da dogon buri. Waɗanda ba su kai mu karatu ba suka haye kujeru, mu aka tura mu wani ɗaki mai kwamfuta ɗaya, wai mu rubuta manhajar katin marasa lafiya ta asibitocin Kaura, Shinkafi da Zurmi. Ni wulaƙanci na gani. Shi aiki ya gani.

Da yaren kwamfuta na C muka rubuta ta, fayil uku: na rajista, na awo, na magani. Kowanne yana aiki da lambar kati. Na ce kowane fayil ya faɗi nau'in lambar da kansa, wato iyakar girman da za ta iya kaiwa, a wuce wurin. Ya ƙi. Ya yi wa nau'in laƙabi, LambarKati, ya ajiye shi a layi ɗaya cikin wani ƙaramin fayil, sauran ukun suna kiransa a farkonsu. Na ce, "Malam, wa zai duba wannan wahalar?" Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, abin da duk aka faɗi wuri ukku, wata rana magana ukku ya ka zama."

Haka yake a komai. In yana da saƙo ga 'ya'yansa, sai ya tara su ya faɗa sau ɗaya. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a gari ya cika da masu jawabi, shi kuwa yana ɗakin nan yana goge wa kwamfuta ƙura. Yakan ce, "Amana ba ta son lasifika."

Ana cikin zaman makoki aka aiko mini daga asibiti. Katuna sun yi yawa, lambar ta kai iyakarta, sabon majiyyaci yana faɗawa kan katin wani. Ana tsoron a ba wata maganin wata. Na tafi, ko da yake na daɗe rabona da aikin. Na buɗe ƙaramin fayil ɗin, na faɗaɗa nau'in a layi ɗaya, na sake harhaɗa manhajar. Duk ukun suka bi. Washegari aka kai gyararriyar manhajar a faifai Shinkafi da Zurmi.

Abin da na daɗe ina faɗa, cewa ƙasar nan ba ta san darajar mai ilimi ba, ban janye ba. Amma ran nan na fito zuciyata a sanyaye, kamar mun sake yin aiki tare.

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa layin nan cikin sadakarsa mai gudana. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.